Wa ya taɓa ganin takardar kuɗin ƙauyenku?

Wani daren Talata cikin hunturu, maƙwabciyata, wata tsohuwa da ta yi ritaya daga aikin koyarwa, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in sa rigar sanyi in kai ta zauren taro. Ƙauyen da nake zaune a tsakiyar Ingila bai kai mutum dubu ba, kuma ni aikin jinya ne ya kawo ni, ban zo tsoma baki a harkar masu gari ba. Amma tsohuwar ba ta iya tuƙi da dare, ni kuwa ina da mota, kuma ita ce mai karɓar mini saƙo duk ranar da nake wurin aiki. Kunya ba ta bar ni na ce a'a ba.

A zauren na tarar da mutum bakwai zaune a bayan dogon tebur, sai wata mata a gefe da kwamfuta da tarin takardu. Mu 'yan kallo mu shida ne a kan kujerun roba, kowa ya rungume kofin shayi saboda na'urar ɗumama ɗakin ta ƙi tashi. Wannan ita ce majalisar ƙauyen. Minti ashirin da biyar cur suka kwashe a kan inda za a kafa sabon kwandon zuba kashin karnuka, bakin filin wasan yara ko kusa da ƙofar maƙabarta. Wani dattijo har da buga tebur. Na sunkuyar da kai ina danne dariya, a raina ina cewa lallai mutanen nan sun ƙoshi, matsalar duniya ta ƙare musu.

Da aka zo kan kuɗi ne dariyar ta tsaya. Matar mai kwamfuta, wadda ita ce akawun majalisar, ta karanto duk abin da za a biya a watan, ɗaya bayan ɗaya: kuɗin mai yankan ciyawar fili, kuɗin wutar zauren, gyaran lilon yara, albashinta ita kanta, har tawadar firinta. Kowanne da sunan wanda za a ba da adadin kuɗin, har kwabban da suka hau kan fam. Tun a farkon zama, cikin minti goma sha biyar ɗin da ake ware wa jama'a, maƙwabciyata ta riga ta jefa tambayarta: me ya sa kuɗin yankan ciyawa ya haura na bara? Akawu ta zaro takardun 'yan kwangila uku da suka nemi aikin, ta nuna mafi arha aka ɗauka. Tsohuwa ta gyaɗa kai. A hanyarmu ta komawa take ce mini ai ta san babu wanda ya ci ko sisi, tana tambaya ne kawai don kada su saba da rashin tambaya.

Maganar ta zauna mini a rai saboda a satin ne na yi waya da yayana a gida Nijeriya. Fanfon burtsatsen unguwarmu ya lalace tun kafin azumi, mata da yara sun koma rijiyar bayan gari. An ce an ware kuɗin gyara. Wa ya ce? Kansila ne ya faɗa wa mai unguwa a wurin ɗaurin aure. Nawa ne kuɗin? Allahu a'alamu. Na ce, "Yaya, me ya hana ku je sakatariya ku tambaya?" Ya yi wata irin dariya ya ce, "Kai dai ka daɗe a Turai. In je in tambayi wa? In ce masa ni wane ne?" Ƙarshenta mu da ke waje muka haɗa kuɗi aka sayo bututu da kan fanfo. Har yau ban san ko an fitar da wancan kuɗin na hukuma ba, kuma ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa in ji.

Shi ya sa nake ganin duk hayaniyar da muke yi a kan 'yancin ƙananan hukumomi ba za ta kawo ruwa unguwarmu ba, muddin babu wani tebur kusa da mutane inda ake karanta kuɗin jama'a da ƙarfi, kowa na ji, kuma yayana ya iya ɗaga hannu ba tare da an tambaye shi ɗan gidan wane ne ba.

Wannan majalisa ta ƙauyukan Ingila ba daga sama ta faɗo ba. Sunan da suke kiranta da shi, farish, asalinsa yankin da limamin coci guda yake kula da shi ne, kuma shekaru aru-aru limami da manyan masu gona ne ke yanke komai a wani ɗaki na cikin coci. A 1894, zamanin firaminista Gladstone, aka yi dokar da ta raba harkar gari da ta coci, ta ba mazauna ƙauye ikon zaɓen wakilansu. Yau akwai irin waɗannan majalisu kusan 10,000 a Ingila, da kansiloli wajen 100,000, kuma mafi yawansu ba a biyan su ko kwabo. Galibi akawu ce kaɗai mai albashi, ita ma sau da yawa aikin 'yan sa'o'i ne a mako. Ana zaɓe duk bayan shekara huɗu. Ikonsu ƙarami ne ƙwarai: filin wasa, zauren taro, rumfar jiran bas, wasu fitilun titi, maƙabarta, da 'yan filayen lambu da ake ba mutane haya su shuka dankali da albasa. Ramin kan titi ba nasu ba ne, na babbar majalisar lardi ne. Izinin gini ma ba su ke bayarwa ba, ana dai jin ra'ayinsu, wata majalisar da ke sama da su ta yanke.

To ina daɗin abin, tunda ikon bai taka kara ya karya ba? Daɗinsa yana cikin 'yan ƙa'idojin da suka ɗaure shi. Dole a manna ajandar zama a allon sanarwa kwana uku cikakku kafin ranar, kuma ba a yanke hukunci a kan abin da ba ya cikin ajandar. Dole a bar ƙofa a buɗe ga jama'a da 'yan jarida, kuma abin mamaki, dokar da ta tilasta hakan a 1960 Margaret Thatcher ce ta gabatar da ita tana sabuwar 'yar majalisa, tun kafin duniya ta san ta. Daga 2014 kowa na iya ɗaukar zaman a wayarsa. Majalisar da kuɗin da ke shiga da fita hannunta bai wuce fam 25,000 a shekara ba, wajibi ne ta wallafa duk wani kashe kuɗi da ya haura fam 100. Kowace shekara kuma akwai kwanakin aiki 30, waɗanda dole su haɗa da farkon watan Yuli, da duk mai sha'awa zai je ya ce a buɗe masa littafin kuɗi da rasit-rasit ya duba da idonsa. Mutum shida masu ƙuri'a sun isa su kira taron gari. Idan kujera ta faɗi babu kowa, mutum goma sun isa su ce sai an yi zaɓe, ba za a naɗa wani a ɗaki ba.

Babban abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda kuɗin ke fitowa. Kowane gida yana biyan harajin majalisa, kuma a jikin takardar da ake aiko maka akwai layi guda da ya nuna abin da ya tafi asusun ƙauyenku. A matsakaicin gida bai kai fam ɗari a shekara ba. Kuɗi kaɗan ne, amma daga aljihunka ya fita, ka gan shi a rubuce, ka kuma san fuskar mutum bakwai ɗin da suka yanke adadinsa, domin ɗaya daga cikinsu shi ke sayar maka da madara. Tsohuwar nan da take tambayar kuɗin ciyawa, kuɗinta take bi.

Ba zan zauna in yi wa Turawa kirari ba, don na ga ɓarakar abin da idona. A ƙauyuka da yawa ba a ma yin zaɓen, saboda masu neman kujerar ba su kai yawan kujerun ba, sai a yi ta roƙon mutane su shigo. Waɗanda ke shigowa kuma galibi tsofaffi ne masu gidan kansu da lokacin kansu. A zaman da na halarta daga baya, wanda aka tattauna batun gina wasu 'yan gidaje masu sauƙin kuɗi a gefen gari, zauren ya cika maƙil, kuma kusan kowa ya zo ne ya ce bai yarda ba. Ana ta maganar cunkoson motoci da kyan gari, amma matasan da aka haifa a ƙauyen, waɗanda tsadar gida ta kora zuwa birni, babu ko ɗaya a ɗakin. Mu ma'aikatan jinya da ke haya, da masu aikin gona 'yan ci-rani, ba wanda ya tuna da mu. Wani lokacin kuma abin kan zama wasan yara. Duk wanda ke Ingila a farkon 2021 ya ga bidiyon majalisar Handforth da ke Cheshire, inda zaman da aka yi ta Zoom a watan Disamban 2020 ya rikiɗe ya zama cacar baki, shugaban majalisa yana daka wa wata jami'a mai suna Jackie Weaver tsawa cewa ba ta da iko a wurin, ita kuwa ta danna maɓalli ta fitar da shi. Ƙasa gaba ɗaya ta yi ta dariya. Ni abin da na lura da shi, rigimar a fili aka yi ta, aka naɗa, kowa ya gani. Tamu rigimar a gidan gwamnati ake yin ta, sai dai mu ji sakamako a rediyo.

A Nijeriya ƙananan hukumomi 774 ne ga mutane sama da miliyan 200. Ka raba ka gani, kowace ɗaya tana ɗauke da abin da ya haura mutum dubu ɗari biyu da hamsin. Wannan ba ƙaramar hukuma ba ce ga mutumin ƙauye, gwamnati ce mai nisa, mai geti da ɗan sanda a bakin ƙofa. Gyaran da aka yi a 1976, wanda ya kafa tsarin da muke kai yanzu, da ƙananan hukumomi 301 a wancan lokacin, ya mayar da su mataki na uku na gwamnati, amma a nan ya tsaya. Ƙasa da sakatariya babu wata zaɓaɓɓiyar majalisa mai asusu. Akwai mazaɓu 8,809 a faɗin ƙasar, 484 daga ciki a Kano, kowace da kansilanta, sai dai kansila ba shi da zaure, ba shi da ranar zama da mutanen mazaɓarsa, ba shi da takardar da doka ta ce ya manna a bango. In mutumin kirki ne, ka gan shi a jana'iza da suna yana miƙa abin da ya samu. In ba haka ba, ya tare a birni sai zaɓe ya matso.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Kusan abubuwan da majalisar ƙauyen Ingila ke taɓawa ne, har da ƙari mai yawa. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Amma sashe na 162 ya ce kuɗin su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma kowa ya san abin da gwamnoni suka mayar da wannan asusu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura kuɗin kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. An yi murna, ni ma na yi. Sai jihohi suka ruga suka yi zaɓe, kuma kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ta share komai. A Kano, ranar 26 ga Oktoban 2024, NNPP ta ɗauke kujerun ciyaman 44 duka, kamar yadda APC da PDP suka yi a jihohin da suke mulki. Aiwatar da hukuncin kansa ya yi ta tafiyar hawainiya.

A ce ma gobe kuɗin sun fara sauka kai tsaye a asusun ciyaman. Me ya canza ga yayana? An ɗauke tukunyar daga ɗakin gwamna an kai ɗakin ciyaman, kuma duka ɗakunan a kulle suke. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Akwai wani tarihi da ba mu cika son tonawa ba. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, talaka ya san kuɗin hukuma nasa ne, domin dagaci da dogarai har gida suke zuwa karɓar haraji da jangali, wanda bai biya ba ya sha rana ko ya sha bulala. Zalunci ne, kuma a kansa NEPU da Malam Aminu Kano suka yi gwagwarmaya, har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin bayan sun hau mulki a 1979. Ba na cikin masu cewa a dawo da shi. Amma wani abu ya tafi tare da shi wanda ba mu maye gurbinsa ba. Tun da kuɗin suka koma zuwa daga Abuja duk wata, na man fetur, sai muka ɗauke su kamar ruwan sama: in ya sauka a gonarka alhamdu lillahi, in ya tsallake sai haƙuri. Ciyaman ya gina aji biyu, a yi masa waƙa, a ce ya taimaka. Ba mai cewa taimako ga wanda ya yi maka aiki da kuɗinka. Alhali yanzu ma talaka yana biya, a harajin kayan masarufi, a rasit ɗin kasuwa, a kuɗin tasha, a tikitin ɗan acaɓa. Bambancin kawai babu layin da ke nuna masa inda kuɗin suka sauka.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai muna da namu tsarin: mai unguwa, dagaci, hakimi, limami, dattawan gari. Gaskiya ne, kuma su ne ke riƙe da ƙauyukanmu a yau, su ke raba rigimar gona, su ke sanin baƙon da ya sauka, su ke tsayawa a kan rigakafi. Amma dagaci daga sama ake naɗa shi, albashinsa daga hukumar da za a tuhuma yake fitowa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban da haka, zaman fada zaman ladabi ne. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce ranka ya daɗe. Wuri ne na kai kuka da neman alfarma, ba a yi shi don saurayi ya miƙe ya ce a nuna masa rasit ba. Matan da ke ɗaukar jarka zuwa rijiyar bayan gari kuwa, waɗanda su suka fi kowa sanin ranar da fanfo ya tsaya, ba sa ma shiga.

Za a kuma ce mutanenmu ba su yi boko ba, ina za su gane lissafi? Wannan magana raini ce. Je ka masallacin Juma'ar da ake gini, ka ji yadda sakataren kwamiti ke karanto abin da aka tara da abin da aka kashe a siminti da rodi, ka ga yadda dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai ce buhu nawa aka ce an saya, ai shi ya ƙirga ba su kai ba. Dubi uwar adashi, dubi ƙungiyar 'yan kasuwa, dubi yadda ake raba aikin gayya. Mun iya bin diddigin kuɗi sarai idan mun ɗauka namu ne. Akwai ma kwamitocin da gwamnati da kanta ta kafa, na kula da makarantu da na ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitoci, sai dai ba su da haƙori, ba wanda doka ta tilasta wa ya buɗe musu littafi.

Abin da nake so majalisun dokokin jihohi su yi ba ya bukatar gyaran kundin tsarin mulki, domin sashe na 7 ya riga ya ba su ikon tsara yadda ƙananan hukumomi za su gudana. A sa a doka cewa kowane kansila zai zauna da mutanen mazaɓarsa sau ɗaya a wata uku, a firamaren gari, a ranar da kowa ya sani, ƙofa a buɗe, mata da nasu lokacin magana. A sa cewa duk wata a manna abin da ya shigo asusun ƙaramar hukuma da abin da ya fita, da Hausa, da boko da ajami, a bangon sakatariya da ƙofar gidan kowane dagaci, a kuma karanta a rediyo. Kowace mazaɓa a yanka mata wani ɗan kaso, ko yaya yake, wanda taron gari ne zai ce a gyara fanfo da shi ko a rufe ajin da iska ta yaye. Za a yi rigima a waɗannan tarurruka, 'yan siyasa za su yi hayar masu ihu, wasu kansilolin za su manna takardar ƙarya. Amma wanda ya rubuta cewa ya gyara fanfo, ya manna a bangon da ke kallon fanfon da ba ya kawo ruwa, ya ɗaura wa kansa aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da na koma gida hutu bara, na je gaishe da dagacinmu, tsohon abokin mahaifina. Bayan an gaisa na ba shi labarin tsohuwar nan da tambayarta a kan ciyawa. Ya saurara har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ni kaina da nake zaune a nan, shekara da shekaru ban taɓa ganin takardar da ta nuna abin da aka ware wa garin nan ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, da za a kawo, za ka yarda a manna a ƙofar gidanka?" Ya ce a kawo tukuna.